Taku Tara Daga Ƙofar Baya

Sau goma a rana nake faɗin ƙaryar nan, wani lokacin ma fiye. In tsayar da 'yar ƙurƙurar lantarkin da nake zagayawa da baƙi a ciki, in nuna wani siririn gida mai fenti ruwan ƙwai da ado a goshi, in ce, "Wannan shekararsa ɗari huɗu." Su ɗaga waya su ɗauka. Ni kuwa na san kakana Alojzy yana cikin waɗanda suka jera bulon bangon nan a 1953, bayan yaƙin duniya ya mayar da tsakiyar garinmu Gdańsk tsibin ɓaraguzai. Fuskar gidajen aka maido yadda take a tsofaffin hotuna. Abin da ke bayan fuskar, wannan wani zance ne.

Aikina na shida ke nan. Na bar makarantar koyon wayarin wuta ina shekara sha bakwai, na yi dako a wani sito a Hamburg, na feɗe kifi a Norway har yatsuna suka daina rufuwa, sannan na dawo na tare a wurin Kaka a titin Ogarna, hawa na huɗu. A makon da nake ba da labarinsa ma ina ta duba tallan aiki a Holan.

Ƙarshen Oktoba ne, saura kwana uku ranar ziyarar matattu, kowane kanti ya cika da kyandir mai gilashi na ɗorawa a kabari. Muna jere da ƙurƙurorinmu a bakin kogin Motława, ba ciniki, sai iska. Can sai direbobin suka fara miƙo mini wata tsohuwa daga hannu zuwa hannu.

"Remek, ga taka! Bajamushiya ce. Kai ne farfesanmu."

"Farfesan ɗaukar kwali," in ji wani, suka kwashe da dariya.

Gaskiyarsu. Jamusancina na sito ne: ɗauka, ajiye, yi sauri, an tashi. Amma ina ji fiye da yadda nake iya mayarwa.

'Yar ƙarama ce, da kwat ruwan toka da sanda, ta rungume jakar leda a ƙirji. Ta ce sunanta Traute. Da jirgin ruwan yawon buɗe ido ta zo, ya tsaya a tashar Gdynia da ke kusa da mu, kuma motar da ta kawo su za ta koma ƙarfe huɗu daidai. Sha ɗaya da rabi lokacin. Na fara jero mata abin da nake jero wa kowa, cocin Maryamu, tsohuwar ƙugiyar katako ta loda kaya a jirgi, mutum-mutumin da ke kan famfon kasuwa. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni, ta miƙo wata takarda da ta sha ninki. Jopengasse, da lambar gida. Sunan titin Piwna ke nan a zamanin da Jamusawa ke garin.

A hanya ta ba ni labarin, a hankali, tana maimaita duk abin da ta ga ban kama ba. A gidan aka haife ta. Shekararta bakwai a watan Maris na 1945, lokacin da suka yi kwana goma sha ɗaya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa garin yana ci da wuta a kansu. Ƙanenta Uli, ɗan wata biyar, a nan ya mutu. Babu halin zuwa maƙabarta. Mahaifiyarsu ta zaro durowar kabad ta sa shi a ciki, ta haƙa rami da shebur ɗin gawayi a tsakar gidan baya, kusa da famfon hannu. Taku tara daga ƙofar baya. Bayan wata huɗu aka loda su a jirgin ƙasa zuwa yamma. Uwar ta mutu ba ta dawo ba, amma har ranar ƙarshe tana faɗin taku taran nan.

Ta buɗe bakin ledar ta nuna mini. Kyandir ne mai jan gilashi, da ashana.

"Wannan kawai na zo yi," ta ce. "Ba zan sake zuwa ba. Likita ma bai so in zo wannan karon ba."

Na ce mata babu damuwa, minti biyar mun isa. Haka nake ce wa kowa.

Na ajiye ƙurƙurar a bakin titin, muka taka. Lambar tana nan a jikin bango, a kan ƙaramin faranti shuɗi. Gida ne kore mai taga uku a jere. Ta tsaya tana kallonsa har na ƙosa. Ta matsa ta taɓa inda ƙofa ya kamata ta kasance, sai ga taga ce ta shagon sayar da kofuna masu hoton garin.

"Ina ƙofar?"

Na nuna mata can, gida biyu gaba. Na rasa yadda zan bayyana mata cewa fuska uku ne a waje amma gini ɗaya ne a ciki, matakala ɗaya, ƙofa ɗaya. Na haɗa yatsu uku na dunƙule su. Ta kalli yatsuna, ta kalle ni.

Muka zagaya ta lungu zuwa baya. Ni na san abin da za mu tarar, don bayan gidanmu ma haka yake. Fili ne guda mai faɗi da ya haɗe bayan gidaje kusan ashirin, an shimfiɗe shi da kwalta da ta tsattsage. Motoci, rumfar bola, ƙarfen kakkaɓe darduma, lilo ɗaya mai tsatsa. Bangon baya fari fat, ba ado, kamar na kowane gidan ma'aikata.

Ta ce tsakar gidansu ba ta fi ɗaki ɗaya girma ba, da katanga ta kowane gefe. Duk da haka ta je ta jingina bayanta da bangon, ta fara ƙirga taku da sandarta. A na shida ta ci karo da wata farar mota ƙirar Skoda. Ta tsaya a nan, hannunta a kan murfin motar.

"Ba nan ba ne," ta ce. "Ka yi kuskure, saurayi. Gidanmu yana da dakali na dutse a gaba, da matakala biyar. Da kifi."

"Kifi?"

"Indararo mai kan kifi, a gefen dakalin. Leɓensa na ƙasa ya taɓa karyewa, Babanmu ya ɗaure shi da ƙarfe biyu. Nakan sa hannuna a bakinsa in ana ruwa."

Gidan koren ba shi da dakali, ko alamarsa. Na ce wataƙila lambobin sun canja. Muka bi titin Piwna daga wannan baki zuwa wancan, tana duba kowane dutse. Muka shiga titin da ke kusa, muka fito. Ƙarfe ɗaya ta wuce. Numfashinta ya fara fita da ƙara, na ce mu je titin Mariacka ta zauna, don a can na san mai kujera.

Pani Halina, wato Malama Halina a harshenmu, tana da tebur a can shekara talatin, tana sayar da sarƙa da 'yan kunne na ƙaron teku, mai ruwan zuman nan. Tun ina rarrafe ta san ni.

"Iye, Remek ya yi budurwa," ta ce tana janyo kujera. "Wannan kam ba za ta gudu ta bar ka ba, ba ta da sauri."

"Pani Halina, don Allah. Ba ta da lafiya."

"To me ka tsaya yi? Zuba mata shayi, ga butar nan. Hannunka ciwo yake?"

Na juya in zuba shayin. Da na waiwayo kujerar ba kowa. Tsohuwar ta tsallaka titin ba sanda, ta durƙusa a gefen wani dakali, gida uku daga teburin. Duk dakalan Mariacka suna da irin indararon nan, wasu kan dodo, wasu kan kifi, na wuce su sau dubu ban taɓa kallon ko ɗaya ba. Wannan yana da ƙarfe biyu masu tsatsa a leɓen ƙasa. Hannunta yana cikin bakinsa har wuyan hannu.

"Ga shi," take cewa. "Ga gidanmu. Na manta titin ne. Mama ce ta rubuta ba daidai ba, ta tsufa lokacin. Ga shi nan."

Kaka ne ya faɗo mini a rai. Na ɗauki hoton kifin da waya, na ce wa Pani Halina ta riƙe mini ita minti ashirin, na ruga Ogarna.

Shekara biyu ke nan Kaka bai sauka ƙasa ba, gwiwoyinsa sun ƙi matakala. Gidan da ya gina da hannunsa, aka ba shi ɗaki a ciki don ladan aiki, shi ne ya zame masa keji. Na same shi a kicin da singileti da rigar sanyi, yana yanka gurasa da kifin gishiri, rediyo yana ta surutu.

"An kore ka ke nan," ya ce ko ɗagowa bai yi ba. "Wata nawa ka yi a wannan? Biyar? Ka kafa tarihi."

"Ba a kore ni ba. Kaka, duba wannan."

Ya goge hannu a wando, ya sa tabarau, ya nisanta wayar ya kusanto da ita. Sai ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Shegen kifin nan. Shi ya ci mini farce." Ya ɗaga babban yatsansa na hagu, wanda farcensa bai taɓa fitowa daidai ba. "Ni da abokin aikina Bronek muka ɗora shi a baro. Nauyinsa ya fi na surukata."

"Daga ina kuka ɗauko shi?"

"Daga tsibi mana. Daga ina kuma?"

"Wane tsibi?"

Ya ture farantin. In ka taɓo masa zancen ginin, abinci ya gama. Ya ce kafin a fara gini sai da aka kwashe ɓaraguzai, kuma duk dutsen da ke da sassaƙa ba a zubar da shi. A rubuta masa lamba da jan fenti, titi kaza gida kaza, a kai shi fili a jibge. Duwatsun suka yi damina huɗu da ƙanƙara huɗu a waje. Ranar da aka zo neman su, rabin lambobin sun wanke.

"To sai wata injiniya ta zo da tsofaffin hotunanta, 'yar siririya mai shan taba kamar bututu. Ta ce Mariacka za a cika wa dakalai, don nan za a riƙa kawo baƙi. Duk dutsen da ya shiga gurbi, a sa shi. Mu kuwa me ya dame mu? Ana biyanmu ne da yawan abin da muka kafa. Wannan na tuna shi don lambarsa ba ta gama gogewa ba. Piwna aka rubuta. Na ce mata, Pani injiniya, wannan ɗan Piwna ne. Ta ce, Alojzy, kifi ne, bai san titinsu ba."

Na zauna a kan kujerar da ke fuskantarsa. Na ba shi labarin tsohuwar, da durowar, da famfon, da taku tara. Ya daina murmushi. Ya kashe rediyon.

"Taku tara daga ƙofar baya," ya ce. "Wace ƙofar bayan? Gidajen da dogaye ne kamar hanji, ɗaki bayan ɗaki, rana ba ta shiga. Mu muka yanke su. Kusan rabi muka bari, don ma'aikata su samu haske da iska. Ƙofar bayanta tana tsakiyar filin nan yanzu, a iska."

"To in an auna daga inda take a da?"

"Wa ya san inda take a da? Kowane gida da tsawonsa. Kuma takun wa? Na uwar, ko na yarinya 'yar shekara bakwai?"

"Famfon fa?"

"Ƙarfe ne, ɗan nan. Kafin mu zo an sace duk wani ƙarfe."

"Kaka, ka tuna mana. Kai ka yi aikin wurin."

"Na yi." Ya cire tabaran ya murza ido. "Kusan kowane mako sai shebur ya taɓo ƙashi. In babba ne mu kira ɗan sanda, a kawo akwati. In ƙarami ne..." Ya ajiye tabaran a kan tebur. "Wani lokacin Bronek ya yi alamar gicciye, mu mayar da ƙasa, mu zuba siminti. Ana jiranmu da aiki. Ban san ko nata yana ciki ba. Ban san ko yana ƙarƙashin bolar ba, ko an kwashe shi da ƙasar da aka kai bakin teku. Shekarata sha tara, Remek. Yunwa nake ji."

"To me zan gaya mata?"

"Ni ka tambaya? Ni bulo na iya." Ya jawo farantin gabansa, amma bai ci ba. "Je ka. Kar motarta ta tafi."

Na sauko matakala saba'in da biyun nan a hankali, abin da ban taɓa yi ba. Ina ta haɗa jimlar a kaina. Dutsen naku ne, gidan ba naku ba ne. An ɗauko shi. An ajiye shi. Waɗannan kalmomin kam ina da su, su na yi wata goma sha ɗaya ina ji a Hamburg.

Da na isa, teburin Pani Halina yana rufe da mayafi. Na same su a bayan gidan mai kifin. Pani Halina ta san lambar buɗe ƙofar kowa a titin, ita ta shigar da ita. Filin nan ya fi na Piwna ƙanƙanta, akwai 'yar ciyawa da wata bishiya da ta zubar da ganye. Tsohuwar tana zaune a kan kujerar da Pani Halina ta ɗauko mata, kyandirin yana ci a gabanta a kan ciyawar.

"Tara cif," Pani Halina ta raɗa mini, idonta ya yi ja. "Ni na riƙe ta muka ƙirga. Ka ga bishiya ma ta fito a wurin. Yesu, Maryamu, ni da ban yi kuka ba ko a jana'izar mijina."

"Pani Halina, ba nan..."

"Me?"

"Kaka ya ce dutsen..."

Ta dube ni. Shekara talatin tana zaune a titin nan, ta san yadda aka yi shi fiye da ni. Na ga lokacin da ta gane. Ta damƙi hannuna sama da gwiwa, da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Kakanka ya ce me? Mutumin da bai san ranar da ake ciki ba?"

"Ya sani sarai."

"To je ka gaya mata. Ga ta can. Je ka, farfesa."

Ta sake ni. Na taka har gaban kujerar. Tsohuwar tana magana ƙasa-ƙasa, ba da ni ba. Na ji sunan Uli, na ji Mama. Da ta ɗago, fuskarta ta saki, kamar ta wanda ya sauke buhu bayan doguwar tafiya. Ta kamo hannuna da nata biyu, sanyi ƙalau.

"Da ba ka kawo ni titin nan in huta ba, da na tafi ban gan shi ba," ta ce.

Na buɗe baki. Jimlar tana nan, na haɗa ta tun daga hawa na huɗu. Agogon coci ya buga uku da kwata. Ko na faɗa, ina zan kai ta? Gaban farar Skoda? In ce mata wataƙila nan, wataƙila can, wataƙila bakin teku?

Na ce, "Lokaci. Mota."

A ƙurƙurar na mayar da ita har muka hango motarsu, mutane suna hawa da ledojin tsaraba. Sannan ta ce tana da roƙo. In ranar ziyarar matattu ta zo, ko zan kunna masa ɗaya? Ba kowace shekara ba, in na tuna dai. Tunda ni ɗan garin ne, ina nan kullum.

Ban gaya mata zancen Holan ba. Na ce to.

Direban motar ya taimaka mata ta hau. Ta zauna a gefen da ba na iya ganinta.

Ban koma layin ƙurƙurori ba. Na tsaya a kanti na sayi kyandir mai jan gilashi irin nata, na zagaya ta lungu zuwa bayan gidan koren a Piwna. Skodar ta tafi, wata baƙar mota ta maye gurbinta. Na jingina da bango na yi taku tara, sai na tuna a da bangon ba a nan yake ba. Na ƙara goma, na sake ƙirga tara, na tsinci kaina a bakin rumfar bola. Na koma na gwada da ƙananan taku irin na yarinya, na faɗo kusa da lilon. Na kunna kyandirin a hannuna, don a ganina in yana ci zan san inda zan ajiye shi.

Wata mata ta buɗe taga a hawa na biyu, da tsumma a hannu.

"Kai, saurayi! Me kake nema a nan tun ɗazu?"

"Ba komai, Pani."

"In fitsari ne, akwai na kuɗi a bakin kogi. Mun gaji da ku."

"Ba shi ba ne."

"To wa ya mutu?"

Na dubi kyandirin da ke hannuna. Ta jira kaɗan, ta kakkaɓe tsummanta, ta rufe. Wani mutum ya fito ya shiga baƙar motar, ya danna mini hon in matsa. Na matsa hagu. Ya sake dannawa, na matsa dama. Ya fita ya bar gurbin da ɗigon mai a kan kwalta. Gilashin ya fara zafi, na mayar da shi ɗaya hannun, ina tsaye a tsakiyar filin ina duban ƙasa.